Iyayenmu Mata Sun Daina Haihuwa, Asibiti Ya Daina Nemansu

 A wannan fitowa ina so in jawo hankalinmu kan wata magana da ba kasafai ake kawo ta zauren shawara ba, alhali kuwa tana nan a cikin kowane gida, wato lafiyar iyayenmu mata da suka manyanta. Mun sha yin magana a kan takardar asalin jiha, da gurbin karatun yaranmu, da harajin kasuwa, kuma duk sun cancanci a yi. To amma haƙƙin uwar da ta haife mu na a duba lafiyarta tun kafin ciwo ya kwantar da ita, shi ma haƙƙi ne, kuma shi ne wanda muka fi yin sakaci da shi, mu da hukuma baki ɗaya.

Ku lura da yadda asibiti yake hulɗa da 'ya mace. Muddin tana haihuwa, tana da kati, tana da ranar awo, ana auna mata jini, ana duba fitsarinta, ana ba ta maganin ƙarin jini. Idan ta haihu, ga ranar rigakafin jariri, ga masu yawo gida-gida suna tambayar ko akwai yara. Ranar da autanta ya gama allurarsa ta ƙarshe, daga nan zumunci ya yanke. Ba wanda zai sake rubuta mata ranar dawowa. Hatta babban binciken lafiyar iyali da gwamnati ke yi a faɗin ƙasar nan bayan 'yan shekaru, matan da yake yi wa tambayoyi su ne masu shekara 15 zuwa 49. Wato da mace ta cika hamsin ta fita daga lissafi. Abin takaicin shi ne, daidai wannan lokaci ne hawan jini, da ciwon suga, da ciwon ido, da ciwon daji suka fi kawo mata farmaki.

Idan ka zauna da tsofaffin nan ka tambaye su abin da ya fi damun su, ba za ka ji sunayen cututtuka irin na likita ba. Wata za ta ce maka gwiwa ta hana ta tsayuwar salla. Wata ta ce ba ta iya zura zare a allura, ko ta daina ganin baƙin Alƙur'ani. Wata barci ne ba ta samu, wata mantuwa ta dame ta. Kusan dukansu kuma za su rufe da magana guda, cewa suna roƙon Allah kada Ya sa su zama kaya a wuyan 'ya'yansu. Mai tuyar ƙosai tana so ta ci gaba da fita da kaskonta, mai fura tana so ta iya daka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wani shirin lafiya da bai fara daga waɗannan koke-koke ba, iyayenmu ba za su ɗauke shi nasu ba. Kowane ɗaya daga cikin koke-koken nan kuwa yana da awon da ya dace da shi.

Mu fara da hawan jini, domin shi ne babban ɓarawo. Ƙididdigar masana ta nuna kusan mutum ɗaya cikin kowane uku na manyan Nijeriya yana da shi, kuma da yawa ba su sani ba, saboda yawanci ba ya zuwa da wata alama. Mace na iya yin shekara goma da shi tana harkokinta, sai wata safiya a tarar baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. A nan ne za a fara cewa jifa ne, ko ta gamu da iska a bayan gida. Awon da zai tona asirinsa bai kai minti biyar ba. Idan aka auna sau da yawa a ranaku daban-daban aka ga yana kai 140 bisa 90 ko ya wuce, to akwai buƙatar ganin likita. Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne a sha magani wata ɗaya, a ji sauƙi, a ajiye. Maganin hawan jini na riƙo ne, kamar yadda ake tokare bango da itace, ka cire tokarin bango ya dawo kanka. Sai kuma gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, kwatankwacin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Kowa ya leƙa tukunyar gidansa ya yi wa kansa hisabi.

Ciwon suga ma haka yake shigowa a saɓe. Yawan ƙishirwa, yawan tashi fitsari da dare, rama ba dalili, ko ɗan ƙurji a ƙafa da ya ƙi warkewa, duk mukan jingina su ga tsufa. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa da safe kafin a karya ya isa ya nuna hanya. Idan aka bar shi yana ci a ɓoye, shi ne yake kaiwa ga lalacewar ƙoda, da dushewar gani, da yanke ƙafa. Mai wannan ciwo kuma tana buƙatar zama da likita kafin watan azumi ya kama, a tsara mata yadda za ta sha magani, maimakon ta yi ta fama ita kaɗai tana jin nauyin tambaya.

Batun ido kuwa, ni da na koyi karatun boko da girmana a ajin yaƙi da jahilci, na ga abin da ya isa shaida. Sau da yawa dattijuwa takan zo aji da ɗokinta, bayan mako uku ta daina zuwa, ta ce kanta ya riga ya bushe, karatu na yara ne. Da an bincika sai a tarar allon ne ba ta gani, ko baƙaƙen littafin suna haɗe mata. Tabarau na karatu kawai take buƙata. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa a cikin masu shekara 40 zuwa sama, sama da mutum 4 cikin 100 makafi ne, mata sun fi maza yawa a ciki, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar nan ana iya kauce mata ko a magance ta. Yanar ido ce kan gaba, ita kuwa aikin ɗan lokaci kaɗan ne a asibiti a cire ta a sa wani gilashi a madadinta. Haɗarin da ke nan shi ne masu yawo unguwa-unguwa suna tura yanar cikin ido da tsinke. Mutum kan ga haske na 'yan kwanaki, daga baya idon ya mutu gaba ɗaya. Akwai kuma hawan jinin ido, wanda yake cin gani daga gefe ba tare da zafi ba, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Shi ma awo ne kaɗai ke kama shi da wuri.

Ciwon gwiwa da baya shi ke kai iyayenmu wurin mai kemis, a ƙulla musu haɗin ƙwayoyi kala-kala a leda, ba suna ba takarda. Suna jin daɗinsa domin yana kashe zafi nan take. Abin da ba a gaya musu shi ne, shan irin waɗannan magungunan kashe zafi kullum yana ƙwaƙule ciki, yana raunana ƙoda, yana kuma ƙara hawan jini. Wani haɗin ma akwai ƙwayar da ke kumbura fuska tana tayar da suga. Tsohuwar da ke shan wannan haɗi shekara da shekaru ba tare da an taɓa auna ta ba, tana sayen sauƙin yau ne da lafiyar gobe.

Yanzu bari in zo kan abin da kunya ta fi rufewa, ina kuma neman afuwar iyayena idan na faɗi abin da ba a saba ji a fili ba. Idan al'ada ta ɗauke wa mace har shekara ta zagayo, sannan ta sake ganin jini, ko da ɗigo ne, wannan jinin ba na al'ada ba ne. Alama ce da ke buƙatar a je asibiti a makon nan. Haka nan ƙullutu a nono ko a hammata, ko da ba ya zafi. Ciwon dajin nono shi ne ya fi kowane daji kama mata a ƙasar nan, kuma mafi yawa sai ya yi nisa ake kai su. Na bakin mahaifa kuwa, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 sun nuna ya kama mata kimanin 12,000 a Nijeriya, ya kashe kimanin 8,000. A watan Oktoban 2023 gwamnati ta shigar da allurar rigakafinsa kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Wannan abin a yaba ne, kuma mu kai jikokinmu. To amma kakar da ta riƙo hannun yarinyar zuwa wurin allura, ita wa ya ce mata ta hau gado a duba ta? Allurar ba ta shekarunta ba ce. Abin da ya rage mata shi ne awo, kuma mafi yawan iyayenmu ba a taɓa yi musu shi ba ko sau ɗaya.

Sai zubar fitsari idan an yi tari ko dariya, da saukowar mahaifa bayan haihuwa takwas ko goma. Akwai dattijan da suka daina zuwa biki da islamiyya, suke sabunta alwala sau babu adadi, saboda wannan matsala, kuma ko 'yarsu ta cikinsu ba su gaya wa ba. Suna zaton haka tsufa yake. Alhali akwai motsa jiki da ake koyarwa, akwai zoben roba da ake sawa ya tallafi mahaifa, akwai kuma aiki idan ta kama.

Duk abin da na lissafa yana samun tsofaffi a ko'ina. Amma namu na zango suna da ƙarin shinge. Na farko harshe. Dattijuwar da aka auro daga Kano ko Sakkwato, ta yi shekara arba'in a cikin gida, Yarbancinta bai wuce na ciniki a ƙofar gida ba. Idan ta je asibiti, wanda zai yi mata tafinta ɗanta ne ko jikanta namiji. Ku gaya mini, wace uwa ce a cikin iyayenmu za ta dubi ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa, ta ce ya gaya wa likita tana ganin jini? Za ta ce kanta ke ciwo, a rubuta mata maganin ciwon kai, a dawo gida.

Na biyu shi ne jin cewa mu baƙi ne, asibitin gwamnati na 'yan gari ne. Sabo ta Badun an kafa ta tun 1916. Akwai tsofaffin da a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya ga dama, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa, ko asalin garinsa, ko addininsa, ko don kasancewarta mace. Sashe na 16 da na 17 sun ambaci kula da tsofaffi da samar da asibiti ga kowa, ko da yake lauyoyi sun ce waɗannan biyun manufofi ne da ba a kai gwamnati kotu a kansu kai tsaye. Duk da haka sun isa hujja a gaban kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Asibitin sha-ka-tafi na gundumarmu an gina shi ne don mazauna gundumar, mu kuwa mazauna ne, muna biyan haraji, muna jefa ƙuri'a.

Na uku ita ce al'adarmu ta "a kai ta gida". Ba ma motsawa sai ciwo ya ci ƙarfin tsohuwa, sannan a yi karo-karo a ɗauki shatar mota, a yi kwana ana tafiya da mara lafiya zuwa Arewa, sau da yawa don dai ta cika a gaban dangi. Ba na raina wannan zumunci. Amma ku lissafa kuɗin motar nan kaɗai, ku gani ko bai isa a yi mata awon jini da na suga da na ido na shekaru masu yawa ba.

Doka kuma ba ta bar mu hannu rabbana ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, domin asibitocin gunduma da marasa ƙarfi. A watan Mayun 2022 aka sa hannu kan sabuwar dokar inshorar lafiya, wadda ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma yi tanadin asusu na masu rauni, inda ta ambaci tsofaffi da sunansu tare da masu ciki da ƙananan yara da naƙasassu. A 2018 aka sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, a 2021 kuma aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. A nan Jihar Oyo akwai hukumar inshorar lafiya ta OYSHIA, 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba kuma suna da shirin Ilera Eko na Jihar Legas. A asibitin koyarwa na UCH, wanda ba shi da nisa da Sabo, tun 2012 aka buɗe cibiya ta musamman don tsofaffi mai ɗauke da sunan Cif Tony Anenih. Gaskiya ne abin da ke rubuce ya fi abin da ke isowa hannu yawa, har yau mafi yawan kuɗin magani a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya yake fita. To amma guraben da ake rabawa, wanda ya je ya rubuta suna shi ake ba. Idan aka zo rajistar marasa ƙarfi a gunduma, tsohuwar da ke cikin ɗaki ba ta da lambar NIN, ba wanda ya kai sunanta, wa zai san da ita?

Na san abin da wasu za su ce. Wani zai ce tsufa ba shi da magani. Haka ne, amma hawan jini yana da shi, yanar ido tana da shi. Wani zai ce kowa da ajalinsa. Babu mai musun wannan, sai dai shekara bakwai a kwance ana juya mutum a kan tabarma wahala ce da sau da yawa ake iya kauce mata, kuma malamanmu ba su taɓa hana neman magani ba. Wani zai ce gara kada a auna, domin idan an gano ciwon babu kuɗin magani. Wannan ita ce magana mafi nauyi, ban kuma ɗauke ta da wasa ba a wannan zamani na tsadar rayuwa. Amsata ita ce, ƙwayar hawan jini ta wata guda ba ta kama ƙafar kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti bayan shanyewar jiki ba, balle wankin ƙoda. Talaka ne ma ya fi kowa buƙatar a kama ciwonsa yana ƙarami. Kuma mu dubi kanmu da gaskiya. Gidan da ya iya fitar da kuɗin anko sau uku a shekara, bai kamata ya ce awon Inna ya fi ƙarfinsa ba.

Saboda haka ina kawo shawarwari kamar haka, don a tattauna su a zama na gaba. Na farko, kowane mai unguwa ya sa a rubuta sunayen matan da suka kai shekara 50 a unguwarsa, da zawarawa da waɗanda ba su da mai kula da su, a ga wadda ba ta da lambar NIN a taimaka mata ta samu. Da wannan takarda za mu tunkari ƙaramar hukuma da hukumar inshora, mu nemi kasonmu a guraben masu rauni.

Na biyu, a sayi na'urar awon jini da ta awon suga daga asusun jama'a, a ajiye su a ajin yaƙi da jahilci da islamiyyun matan aure, inda iyayenmu suka riga suka saba zuwa ba tare da an yi musu tambaya ba. A cikin 'ya'yanmu mata akwai waɗanda suka yi karatun jinya da na kiwon lafiyar al'umma. A ware rana ɗaya a wata su yi awo, a rubuta wa kowace a ɗan littafinta, wadda nata ya hau a tura ta asibiti da takarda.

Na uku, shugabanninmu su rubuta wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a nemi rana ta musamman ta dattijai mata a asibitin gunduma, da ma'aikaciya mace, da tafinta mace daga cikinmu wadda aka san ta da riƙon sirri. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A nemi kuma a haɗa mu da masu duba ido da masu awon bakin mahaifa ko da sau ɗaya ne a shekara.

Na huɗu, ƙungiyoyin adashi na mata da na 'yan kasuwa su buɗe wani ɗan ƙaramin zubi na biyan inshorar iyaye, kamar yadda muke da na rasuwa da na gobara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na ƙarshe yana wuyan kowane magidanci da kowace 'ya. Kada ka tsaya a kan "Inna ina gajiya", domin amsarta kullum "lafiya lau" ce, ko da tana jin jiki. Ka tura 'yar'uwarka ko wata aminiyarta ta zauna da ita a ɗaki ta tambaye ta dalla-dalla. Ka duba ledar magungunan da ke ƙarƙashin matashinta. Ka sa ranar da za ka kai ta awo, ka ba da izini da kuɗin mota ba sai an roƙe ka ba. Ku kuma iyayenmu, don Allah ku daina ɓoye mana. Faɗin ciwo ga mai magani ba rashin kunya ba ne, kuma idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana mai amfani, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu. Amin.

Daga Sakataren Jama'a